Inuwar Giginya: Tarihin Wuraren Buɗe Ido na Ƙasar Gaya da Rabon Ƴaƴanmu a Cikinsu

A lokacin sanyin bara, wata ranar Talata, ina koyar da ƴan aji shida darasin labarin ƙasa. Na zana kogin Kwara a allo tun daga inda ya shigo Nijar har zuwa nan Gaya, na nuna musu wurin da ya yi gwiwa-gwiwa har ya fitar da siffar harafin W, wanda muke kira dubul-be a lakwal. Na ce musu daga wannan lanƙwasa babban gandun dajin ƙasarmu ya samo sunansa. Yaran sun san darasin ciki da bai. Suka kawo mini shekarar da aka kafa shi, suka kawo faɗinsa, suka jero giwa da zaki da ɓauna kamar masu karatun ƙidaya. Ina cikin jin daɗi sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, daga nan zuwa can kwana nawa ne?" Na ce ai wuni ɗaya ya isa. Sai ta ce, "To Mushe, me ya sa ba a taɓa kai mu ba?"

Na ba ta amsar da kowane malami zai bayar a yau, na ce babu tsaro. Gaskiya ce kuwa, babu mai hankalin da zai ɗebi ƴaƴan mutane ya nufi wannan daji da su a halin da ake ciki. Amma da na koma gida maganar ta hana ni sakat, domin na san rabin gaskiya na faɗa. Yau shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina riƙe da alli tun da na fito daga makarantar horar da malamai ta Dosso, kuma a fiye da rabin waɗannan shekaru daji lafiya lau yake, hanya a buɗe. Aji nawa na kai? Ko ɗaya.

Hausawa kan ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mu mutanen Gaya mun fi kowa sanin wannan magana, don a cikin giginya muka tashi. Abin da nake so in tattauna da ƴan uwana malamai da iyaye shi ne yadda aka yi wuraren kallo na ƙasarmu suka zama inuwar giginya, baƙo daga Faransa ya san su, ɗan da aka haifa a gindinsu bai san su ba. Abin yana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin zai ga cewa har yanzu da sauran abin da za mu iya nuna wa yara ba tare da mun jefa su cikin haɗari ba.

Kafin kogi ya zama iyaka

Gaya na da nisan kilomita kusan 300 daga Yamai, kuma nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Shi ya sa baƙon da ya gangaro daga arewa yake mamakin duhun itatuwanmu. Wurin kallo na farko da muke da shi kuwa, wanda ba a biyan ko dala a ƙofarsa, shi ne bakin kogi, kogin da Dendawa ke ce wa Isa Beri.

Yaron yau in ya tsaya a bakin ruwa, abin da ya sani shi ne wancan ƙetaren wata ƙasa ce. Kakanninsa ba haka suka ɗauke shi ba, su hanya ce a gare su. Tarihin baka ya nuna Kyangawa ne suka fara zama a wannan yanki, kuma har yau danginsu na nan a Kyangakwai da kewayen Kamba da Ilo a Najeriya. A shekarar 1591 rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Basha ta ci daular Songai da yaƙi a Tondibi, kusa da Gawo. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya daga gidan Askiya suka biyo ruwa zuwa kudu, zuwa ƙasar Dendi. Daga nan Askiya Nuhu ya yi shekaru yana gwabzawa da masu bindiga, daji da fadama da ciwo suna taya shi yaƙi. Harshen Dendi da muke ji a kasuwa kullum gadon wannan ƙaura ne.

Bayan su sai fatake. Ayarin goro kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya ƙetare kogi a Ilo ko a nan Gaya, sannan ya bi ta Kandi da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, a dawo da goro bayan watanni. Wannan zirga-zirga ce ta sa Dendanci ya zama harshen ciniki a garuruwan arewacin Benin, Hausa kuma ta kafu a zangunansu. Baturen nan Mungo Park ma ta gaban garin nan jirginsa ya wuce kafin ajalinsa ya same shi a Busa a farkon 1806. Duk wannan ana iya faɗa wa yaro yana tsaye yana kallon ruwan da abin ya faru a kansa.

Wurin kallo na biyu shi ne Dallol Foga. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari, kuma waɗannan kwaruruwa tsofaffin koguna ne da suka daina gudu tun dubban shekaru, suka bar ruwa kusa da fuskar ƙasa da gishiri a cikin turɓaya. Foga kan haɗe da Dallol Mauri kafin su gangaro kogi a gabashin Gaya. Da rani akan kankare ƙasa mai gishiri, a zuba a matata, a kwarara ruwa, a tari ruwan gishirin a dafa har ya ƙafe. Ƙasar da aka tace ana jibge ta wuri ɗaya, shekara bisa shekara, har ta zama tudu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Foga a watan Yunin 1853 a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma rubuta yadda ya ga ana wannan aiki da yadda aka yi bukkoki a kan waɗannan tuddai. Lokacin ƙasar na cikin yaƙi, tun da Kabawa da Dendawa da Zabarmawa da Arawa suka tayar wa Gwandu daga 1849, kuma mallakar gishirin Foga na cikin abin da ake ja a kai. Baƙo ya taso daga Turai ya rubuta aikin kakanninmu a littafi, Turawa suka karanta. Ɗan ajina kuwa yana cin gishirin a miya, bai taɓa ganin inda ake dafa shi ba.

Turaku, tsibiri da gada

Iyakokin da suka kewaye mu a teburi aka shata su. A ranar 14 ga Yunin 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar raba wannan yanki, Ilo ta faɗa hannun Ingilishi, Gaya hannun Faransawa. Aka sake gyara layin a 1904, sannan tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi shi suna kafa turaku daga bakin Kwara har tafkin Cadi. Wanda yake son ya nuna wa yaro ma'anar mulkin mallaka ba sai ya yi dogon bayani ba, ya ba shi labarin Dole, gari ɗaya da layin ya ratsa, wani sashe a Nijar, wani a Najeriya, dangi ɗaya da katin shaida iri biyu.

Ta ɓangaren Dahome, wato Benin ta yau, kogi ne ya zama iyaka tsakanin yankuna biyu da duk Faransa ke mulka. Garin da ke fuskantarmu ma sunan wani gwamnan Dahome mai suna Malan aka sa masa, ya zama Malanbil. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa mu da su, shekara goma sha biyu kafin Yamai ta samu gadar Kennedy a 1970. Ta kan wannan gada mafi yawan kayan Nijar daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa.

Da aka samu ƴancin kai a 1960 sai gardama ta tashi kan tsibiran da ke cikin kogin, musamman Lete da ke sama da Gaya. A ƙarshen 1963 abin ya yi tsami har Nijar ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, aka rufe iyaka. Daga baya ƙasashen biyu suka kai maganar kotun duniya da ke Hague, wadda ta yanke hukunci a ranar 12 ga Yulin 2005: cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kowa ya karɓa, ba a harba ko harsashi ɗaya a kan hukuncin ba. Na kawo wannan ne don yaranmu sun ga abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, sun ga gada a toshe, manyan motoci sun yi layi, mutane sun koma kwale-kwale kamar zamanin fatake. Ya kamata su san ba yau aka fara rufe wannan hanya ba, kuma maƙwabtan nan biyu sun taɓa warware rigimar da ta shekara arba'in ta hanyar zama da shari'a.

Dajin da aka killace

Yanzu mu koma kan tambayar yarinyar. Dajin W ba kango ba ne tun asali. Akwai tsofaffin wuraren zama da na narka tama a cikinsa, mafarauta da masunta da makiyaya sun san lungunansa. Sai dai yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da ƙudan tsando da ciwon makanta na bakin rafi sun rage mutanensa ƙwarai. A Bumba, inda kogin Mekuru ya faɗo cikin Kwara, a nan aka gwabza yaƙin 1896 da jarumin Zabarmawa Isa Korombe ya kwanta dama. Da Faransawa suka zo sai suka tarar da daji mai yawan namu da ƙarancin mutane.

A 1933 ƙasashen da ke mulkin Afirka suka yi taro a Landan suka amince kowa ya keɓe dazuzzuka don kare namun daji. A 1937 Faransa ta killace W, a ranar 4 ga Agustan 1954 kuma ta mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa. Sashen Nijar ya kai murabba'in kilomita 2,200, in an haɗa da na Benin da Burkina Faso ya kai kimanin 10,000. Hukumar UNESCO ta sa sashenmu cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka faɗaɗa wannan matsayi ya haɗa da gandayen Arli da Penjari. A nan ne ake da ragowar giwaye da zakuna mafi yawa a Afirka ta Yamma, ga ɓauna da gwanki da kanki da mugun dawa, ga dorina da kada da ayu a ruwa, ga tsuntsu ɗaruruwan iri.

Killacewar ta yi amfani, wannan babu ja. Ba don ita ba da tuni giwa ta zama tatsuniya a Nijar. Amma a duba yadda aka yi ta. An tashi ƙauyukan da ke ciki, aka hana farauta da kiwo da su da ɗiban zuma. Mutumin da ubansa ya koya masa hanyoyin dajin ya wayi gari in an gan shi a ciki ɓarawo ne. Babbar ƙofar shiga kuma aka yi ta a Tapowa, tana fuskantar Sayi da Yamai, inda manyan ma'aikata da baƙi suke. Mu na kudu sai dai mu zagaya, ko mu bi ta Bumba mu shiga kwale-kwale, ko mu ƙetare gada mu nufi Alfakwara a hanyar Kandi, inda giwayen sashen Benin kan zo shan ruwa. Shiga sai da mota mai ƙarfi da kuɗin ƙofa da na jagora. A hankali sai ya zauna a zukatanmu cewa zuwa kallon daji al'adar Nasara ce, mu namu shi ne tara in an kama saniyarmu a ciki.

Ni kaina sau ɗaya na shiga, a 2006. Wani ɗan uwana direba ne mai kai baƙi, ya samo mini gurbi a bayan mota kusa da kayan abinci. Da yamma muka tsaya bisa kwazazzabon Tapowa, garken giwaye suka sauko ruwa, ƙanana a tsakiya manya a gefe. Ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban ikon Allah kamar ranar ba. Da na waiwaya kuwa, in ka cire direbobi da masu jagora, ni kaɗai ne ɗan ƙasa a wurin. Na yi wa kaina alkawarin zan kawo ɗalibaina. Na dawo Gaya, aiki ya sha kaina, alkawari ya bi ruwa.

Tafiyar da na ɗage

Sai a 2019 na yunƙura. Lokacin W ya fara zama abin tsoro, don haka na zaɓi Kure, a kan hanyar Dosso zuwa Yamai, kilomita kusan 60 kafin babban birni. A can ne raƙuman dawa na ƙarshe irin na Afirka ta Yamma suke. Tarihinsu abin koyarwa ne. Da suna yawo daga Senegal har tafkin Cadi, fari da farauta da saran daji suka cinye su, har a 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Kafin 2020 sun haura 600, har aka ɗebi 8 a 2018 aka kai Gadabeji don a kafa wani garke. Abin lura shi ne Kure ba killataccen daji ba ne. Raƙuman a cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har su yi ɓarna a wake da mangwaro. Abin da ya cece su shi ne an jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, ƴaƴansu suka zama masu jagora, wani abu na shiga hannunsu, suka ga dabbar tasu ce.

Kwamitin iyaye ya amince, kowane yaro ya kawo jika biyu, muka yi magana da mai mota, aka sa hutun watan Disamba. Da lokaci ya matso sai na ga ba mu gama manhaja ba, ga jarrabawa na tafe. Na ce a bari sai hutun ƙarshen Maris. Babu wanda ya tilasta ni, ni na ɗage da bakina. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu. A ranar 9 ga Agustan wannan shekara ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban masu jagora, dukansu biyun ƴan Nijar, aka rufe wurin. Na bi gida-gida na mayar wa iyaye kuɗinsu. Wani dattijo ya karɓa ya ce, "Malam, ba komai, haka Allah ya so." Na ce haka ne Baba, amma a raina na san da na sani ƙeya ce. Yaran wannan aji yanzu wasu na lise, wasu sun yi aure, wasu na tura kaya a bakin ruwa, ba wanda ya ga raƙumin dawa. W kuwa tun daga lokacin sai ƙara lalacewa, a watan Fabrairun 2022 ma nakiyoyi sun hallaka masu gadin daji a sashen Benin.

Abin da wasu suka yi da ragowar nasu

Ba mu kaɗai ne muka yi asara ba. A tsakiyar Amurka akwai jihohin da asalinsu fili ne na doguwar ciyawa, kamar Kansas, inda ɓaunar ƙasar ke yawo miliyoyi. Cikin ƙarni na 19 aka kore ƴan asalin wurin, aka karkashe ɓaunar har ta koma ƴan ɗaruruwa, garma ta cinye ciyawar har abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Sai a 1996, shekarar da aka ƙirga raƙuman dawanmu 49, suka keɓe wani yanki na ragowar a tuddan Kansas, a 2009 suka maido da ɓauna 13 cikinsa. Abin da ke wurin ciyawa ce da iska da tsohon gidan gona da wata ƴar makaranta mai aji ɗaya. Amma iyaye na kai ƴaƴansu, makarantu na kai ɗalibai, a nuna musu abin da ya rage da yadda aka yi sauran ya salwanta. Darasin da na ɗauka shi ne ba sai wuri yana da zaki ba kafin ya cancanci a kai yaro. Abin da ake bukata shi ne babba ya tsaya ya ce masa, duba nan, ga abin da ya faru.

Giginyar da ke ƙofar gida

Wannan ya dawo da ni kan giginya. Kurmin giginyar Dallol Mauri da bakin kogi shi ne mafi girma a Nijar, ya kai dubban hekta. Muna cin ƴaƴanta, muna binne ƙwallonta mu tono muruci, muna saƙa da ganyenta, azararta kuma gara ba ta ci, shi ya sa take riƙe rufin soro shekara da shekaru. Tarihinta ya yi kama da na W. Tun zamanin Turawa hukuma ta riƙe ikon itacen, takardar izinin sara daga ofis take fitowa, manyan motoci na kwashe azara zuwa Yamai da sauran birane. Manomin da itacen ke cikin gonarsa ba shi da iko a kansa, saboda haka bai ga dalilin kare ɗan tsiron da ya fito ba. Kurmi ya yi ta raguwa. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan, aka fara mai da kula da giginya hannun kwamitocin ƙauyuka, suna tsaro, suna dasa, suna samun rabo daga abin da aka sayar. Inda aka riƙe tsarin da gaskiya an ga ƙananan giginyu sun taso. Darasin Kure ne ya maimaita kansa: abin da mutanen wuri suka sani kuma suka ɗauka nasu ne, shi ke rayuwa.

To yaron da bai taɓa tsayawa a kurmin an ba shi wannan labari ba, in ya girma ya zama magajin gari ko jami'in gandun daji ko ɗan kasuwar azara, da wace zuciya zai kare shi? Haka fadamun bakin kogi irin na Albarkaize, inda tsuntsaye ke sauka da sanyi bayan sun ƙetaro Sahara daga Turai, wuraren da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, kamar yadda aka sa Dallol Mauri a 2004. Kainuwa da kacalla na cin ruwan, yashi na cike kogi. Waɗannan yaran ne za su gaji matsalar, ya kamata su gan ta da ido tun yanzu.

Bayan tambayar yarinyar nan na yi shawara da darakta da kwamitin iyaye, muka nemi izinin sufeton makarantu, muka tambayi hukuma da mai gari halin da wurin ke ciki. Wata safiyar Asabar muka fita da ƙafa zuwa wani kurmin giginya da ke bayan gari, yara arba'in da biyu, manya biyar, uku daga cikinsu iyaye mata. Guzurinmu ruwa da rogo da ƙuli-ƙuli. Wani tsoho mai gona a wurin shi ya zama malami, ni na koma ɗalibi. Ya nuna musu giginya namiji da mace, ya ce namijin ne ba ya ƴaƴa kuma azararsa ta fi ƙarfi. Ya ce in aka kwashe ƙwallo duka aka yi muruci, to ina itacen gobe zai fito? Ya ba su labarin lokacin da mutum kan ɓuya in ya ji motar jami'an daji. Sannan muka yi lissafi. Muka kafa sanda mai tsawon mita 1, inuwarta ta ba mu mita 1 da rabi. Yara suka bi inuwar wata giginya da igiyar awo har inda kanta ya faɗi, mita 27. Wani yaro da bai taɓa cin rabin maki a lissafi ba shi ya fara cewa, "Mushe, mita 18 ke nan!" Kafin azahar kowa na gidansu. Abin da muka kashe duka bai kai jika biyar ba.

Ga abin da zan ce wa ƴan uwana malamai. Kada mu jira mota da tallafin wata ƙungiya. A zaɓi wuri na kusa wanda za a je a dawo kafin rana ta yi zafi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A nemi izinin iyaye da na hukuma a rubuce, in an ce wuri ba lafiya a haƙura, rai ya fi darasi. Kowane yara goma a samu babba ɗaya. In bakin kogi ne, kada yaro ya shiga ruwa saboda tsargiya da kada da zurfi, kada kuma a sa su a kwale-kwale ba rigar kariya. A nemi masanin wurin ya yi magana, masunci ko mai dafa gishiri ko tsohon direban da ya san gada tun tana sabuwa, a kuma girmama shi da ɗan goro. Kowane yaro ya zo da littafi, ya koma da abu uku da ya gani da tambaya ɗaya da zai yi wa kakarsa.

Ku kuma iyaye, wannan ba aikin lakwal kaɗai ba ne. Ranar da babu aiki, uba ya kama hannun ɗansa da ƴarsa su je bakin ruwa da la'asar, ya nuna musu gada ya faɗa musu shekarar da aka yi ta. Uwa in za ta ƙauye gaisuwa ta biya da su wurin masu gishiri. Wanda Allah ya hore masa, in hanya ta yi kyau, ya kai su Dosso su ga fadar Zarmakwai, ko Argungu su ga gidan tarihi na Kanta da Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar sulhu ta Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Gani ya kori ji.

A hanyarmu ta dawowa daga kurmi yarinyar nan ta matso kusa da ni ta ce, "Mushe, W ɗin fa?" Na ce mata ranar da aka ce daji ya yi lafiya, in ina raye ina koyarwa, ajin da ke hannuna a wannan shekara zai je, kuma ko saura mako ɗaya jarrabawa ba zan ɗage ba. Ta ce ita lokacin ta wuce aji shida. Na ce za mu bar mata gurbi a mota.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a waɗannan dazuzzuka, ya kuma nuna wa ƴaƴanmu abin da muka yi sakacin nuna musu. Amin.